Tubali Ɗaya, Magina Ɗari

Wanda ya buɗe shafin wani babban banki ko katafaren kantin sayayya a intanet abu ɗaya yake gani: suna a sama, akwatin bincike, jerin kaya, kwandon sayayya, wurin biyan kuɗi. A zatonsa hannu ɗaya ne ya tsara komai. A manyan kamfanoni da dama ba haka abin yake ba. Akwatin binciken na wani rukunin injiniyoyi ne. Kwandon na wani rukunin ne da ke wani bene, ko ma wata ƙasa. Masu kula da biyan kuɗi kuwa wataƙila ba su taɓa haɗuwa da sauran ba. Kowane rukuni yana rubuta nasa, ya gwada, ya sake shi ranar da ya shirya, sai burauzar mai amfani ta harhaɗa su a gaban idonsa. Wannan shi ne tsarin ƙananan fuskoki, wato a yanka fuskar shafi gida-gida, kowane gida da masu shi.

Sunan tsarin ya fito fili ne a ƙarshen 2016, lokacin da kamfanin ThoughtWorks ya sa shi cikin jerin fasahohin da yake bibiya. A 2019 Cam Jackson ya yi masa dogon bayani, a 2020 Michael Geers ya wallafa littafi a kansa, Luca Mezzalira ya biyo da nasa a 2021. Kamfanoni irin su Zalando na Jamus da IKEA na Suwidin da DAZN mai haska wasanni duk sun yi aiki da shi. Dalilinsu kuwa daɗaɗɗe ne. Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa duk abin da ma'aikata ta ƙera yakan ɗauko siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Idan injiniyoyi ɗari biyu suna cusa hannu cikin manhaja guda, kowa sai ya jira kowa, gyaran yini ɗaya ya koma na wata guda. Da aka raba musu gida, sai kowa ya samu sakewa.

To amma sakewar tana da kuɗinta. Rukuni goma sha biyu da ba sa jiran juna za su ƙera maɓalli iri goma sha biyu. Na wannan mai kusurwa, na wancan mai zagaye. Shuɗin wannan ya fi na wancan duhu. A nan kalanda tana fara mako da Litinin, a can da Lahadi. Mai amfani ba zai san dalili ba, zai dai ji shafin bai kwanta masa ba, kuma mutumin da hankalinsa bai kwanta da shafin banki ba, da wuya ya tura kuɗinsa ta ciki.

Maganin wannan shi ne rumbun tubala: tarin ƙananan abubuwan da kowane shafi ke buƙata, irin su maɓalli, akwatin rubutu, jerin zaɓi, kalanda, taga mai buɗowa a tsakiyar allo, a ƙera su sau ɗaya, kowane rukuni ya zo ya ɗiba. Mai wannan aiki kamar mai buga bulo yake a wurin da magina da yawa ke aiki. Ba shi ne zai yi ginin ba, ba zai ma san ɗakin da bulonsa zai shiga ba, amma idan ma'auninsa ya kauce da inci ɗaya, kowane bango sai ya nuna. Idan kuma rumbun buɗaɗɗe ne, wato an saki lambobinsa kowa a duniya ya gani, ya ɗauka, ya gyara, to maginan ba su da iyaka ke nan. Wannan sana'a ce da ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin gwanintar da ke cikinta tana da yawa, masu ganinta kuma kaɗan ne.

Zaɓen harsashi

Tambayar farko ita ce da me za a gina. Masu rubuta fuskar shafi sun rarrabu: wasu React suka iya, wasu Vue, wasu Angular. Tubalin da aka ƙera da React ba ya shiga shafin Angular cikin sauƙi. Kuma waɗannan kayan aiki suna tsufa. Google ta sake gina Angular daga tushe a 2016, ta daina kula da tsohon a ƙarshen 2021, kamfanonin da suka gina komai a kansa suka sha wahalar ƙaura. Gwani yana tuna wannan tun kafin ya fara, domin ya san maɓallinsa zai iya daɗewa fiye da kayan da aka ƙera shi da shi.

Shi ya sa da yawa suka koma ga abin da burauza kanta ta iya. A 2011 Alex Russell ya gabatar da tunanin Web Components, wato a ba mai rubutu damar ƙirƙiro sabon tubali da sunansa, burauza ta karɓe shi kamar nata na asali. Tafiyar ta yi tsawo. Chrome ya karɓi sigar da aka amince da ita a 2016, Safari ya biyo baya, Firefox a Oktoban 2018, Edge kuwa sai Janairun 2020. Kamfanin Ionic ya nuna amfanin abin a aikace: rumbunsa da a da sai mai Angular ke iya amfani da shi, ya sake gina shi a wannan tsari, ya fito da shi a farkon 2019, masu React da masu Vue suka samu shiga. Adobe da SAP da Salesforce duk suna da irin wannan rumbu a buɗe.

Ko a nan ma sai da dabara. Shekaru da yawa React bai iya miƙa wa irin waɗannan tubala bayanai masu sarƙaƙiya ba, bai kuma iya sauraron saƙonsu yadda ya kamata ba, sai da siga ta 19 ta fito a Disamban 2024. Kafin nan masu rumbu sai su ɗinka wa kowane tubali 'yar riga ta React, mai amfani ya ji kamar don shi kaɗai aka yi. Stencil, kayan aikin da Ionic ya ƙera, yana fitar da waɗannan riguna da kansa.

Kowa da haraminsa

Dokokin ado na shafin intanet, waɗanda ake kira CSS, ba su san iyaka ba. Idan wani rukuni ya rubuta cewa kowane maɓalli ya zama ja, dokar za ta bi shafin gaba ɗaya, har maɓallan da ba nasa ba. A shafin da rukuni ɗaya ke riƙe da shi, ana iya gano mai laifi a yi gyara. A shafin ƙananan fuskoki kuwa, wanda ya ɓata maka ado yana iya sakin nasa da tsakar dare, kai kana barci.

Burauza ta tanadi shinge don wannan, mai suna Shadow DOM. Abin da ke cikin shingen, dokokin waje ba sa kama shi kai tsaye, nasa kuma ba sa tsallakawa waje. Ɗan koyo yakan ji daɗi ya rufe ko'ina. Gwani kuwa ya san tubalin da aka rufe ruf ba shi da amfani, domin kowane kamfani yana son launinsa da salon haruffansa. Don haka yakan zauna ya yanke shawarar ƙofofin da zai bari: launin baya, girman rubutu, zagayen kusurwa. Duk ƙofar da ya buɗe ta zama alkawari, ba zai iya toshe ta gobe ba tare da ya karya wa wani shafi ba. Duk wadda ya hana kuma, wani zai zo yana roƙo. Sanin wacce za a buɗe da wacce za a hana yana cikin mafi wuyar aikin.

Ta waɗannan ƙofofi ake shigar da ma'aunan ado. Masu tsara zane a Salesforce, ciki har da Jina Anne, su ne suka yaɗa wannan dabara: kada a rubuta lambar launi a wuri ɗari, a ba ta suna a wuri ɗaya, kowa ya kira sunan. Gwanintar tana wurin raɗa sunan. Wanda ya sa wa ma'auni suna «shuɗi» ya ɗaure kansa, domin ranar da kamfani ya koma kore, sai a samu shuɗin da yake kore. Wanda ya sa masa «launin babban aiki» ko «launin gargaɗi» ya huta. Da wannan ake canza shafi duka zuwa yanayin duhu na dare, ko a sa wa rumbu ɗaya kayan kamfanoni uku.

Abin da ido ba ya gani

A ɗauki taga mai buɗowa a tsakiyar allo, irin wadda ke tambaya ko ka tabbata kana son tura kuɗin. Zana ta aikin minti goma ne. Amma akwai wanda ba ya amfani da linzamin kwamfuta, da madannai kaɗai yake tafiya, ko don hannunsa yana rawa, ko don ba ya gani. Dominsa, da tagar ta buɗe dole alamar inda yake ta koma cikinta. Idan yana danna Tab, ya riƙa zagayawa a cikin tagar, kada ya faɗa shafin da ke bayanta. Idan ya danna Esc ta rufe. Idan ta rufe, alamar ta koma daidai kan maɓallin da ya buɗe ta, kada a watsa shi can saman shafi ya fara lalube. Manhajar da ke karanta wa makaho allo kuma dole ta sanar da shi cewa taga ce ta buɗe, ta faɗi sunanta. Sai a Maris na 2022 dukan manyan burauzoji suka samu irin wannan taga ta asali. Kafin nan, duk wannan da hannu ake rubuta shi.

Akwai ƙa'idoji rubutattu na duniya, WCAG, waɗanda sigarsu ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023. Sun ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1, wurin da za a taɓa da yatsa kuma kada ya gaza ɗigo 24 a tsaye da a kwance, in ba da wani uzuri ba. Tun 28 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa bankuna da kantunan intanet su sa ayyukansu su zama masu amfanuwa ga naƙasassu. Rukuni goma sha biyu ba za su haddace duk wannan ba. Amma idan mai rumbu ya haddace, ya zuba shi cikin tubali, kowane rukuni ya samu a banza, har wanda bai taɓa jin sunan ƙa'idar ba.

Bankin ING na ƙasar Holan ya ba da misali mai kyau. Yana da rukunoni masu yawa a ƙasashe daban-daban, sai injiniyoyinsa suka ƙera rumbu mai suna Lion, suka sake shi a buɗe. Da gangan suka bar tubalan kusan babu ado. Abin da suka zuba a ciki shi ne ɗabi'a: yadda akwati ke tantance abin da aka rubuta, yadda yake sanar da kuskure, yadda yake magana da manhajar makafi. Bankin ya ɗora nasa ado a kai a cikin gida, kowa ma yana iya ɗora nasa. Sun kuma yi wani zaɓi da ke nuna zurfin sani. Shingen da ke kare ado yana yanke igiyar da ke haɗa akwatin rubutu da sunansa idan ɗaya yana ciki ɗaya yana waje, sai manhajar makafi ta kasa faɗin ko akwatin na mene ne. Masu Lion suka bar akwatunan fom a wajen shingen. Sun yarda su rasa wata kariyar ado domin makaho ya cike fom ɗinsa. Wanda bai san kayan aikinsa ciki da bai ba, ba zai san lokacin da ya kamata ya ajiye shi ba.

Haka batun harshe yake. Kalmar da ta ɗauki haruffa huɗu a Turanci tana iya ɗaukar goma sha biyar a Jamusanci, maɓallin da aka ƙayyade wa faɗi sai ya fashe. Larabci da Farisanci da Urdu daga dama suke farawa, don haka gwani ba ya rubuta «a bar fili ta hagu», sai ya ce «a bar fili ta farkon layi», burauza ta juya da kanta. Ba'amurke yana fara kwanan wata da wata, Bafaranshe da rana. Bajamushe yana sa waƙafi inda Bature ɗan Ingila ke sa ɗigo a lissafin kuɗi. Mai karatun Hausa ya san wannan ciwo a jikinsa: sau nawa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ke fitowa da wani salo daban a tsakiyar kalma, ko su zama ɗan akwati, saboda salon haruffan da aka zaɓa ba ya ɗauke da su? Hausa kuma tana tafiya ta hanya biyu, boko daga hagu, ajami daga dama. Tubalin da ya iya ɗaukar duka biyun ya ci jarrabawa mai wuya.

Tsoho da sabo a shafi ɗaya

Ga inda ƙananan fuskoki suka sha bamban da sauran aiki. Tunda kowane rukuni yana sabunta kayansa lokacin da ya ga dama, rukunin kwando yana iya kasancewa a kan siga ta 2 ta rumbun, rukunin bincike ya riga ya hau ta 3. Duka biyun za su sauka a shafi ɗaya. Burauza kuwa rajista ɗaya take da ita ta sunayen tubala, kuma idan aka zo yi wa suna rajista karo na biyu, sai ta ƙi, ta jefo kuskure. Ko dai wani sashe ya mutu, ko kuma ya samu tubalin da ba shi ya nema ba. Wasu masu rumbu suna liƙa lambar siga a jikin sunan. Wasu suna amfani da dabarar da ke ba kowane sashe 'yar rajistarsa ta kansa, wadda Lion ke aiki da ita. Ko wacce aka bi, dole a yi tunaninta tun ranar farko, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai nauyi. React da kayan da yake tafiya da su sun haura kilobait 40 ko bayan an matse su, Lit kuwa, wanda Google ta fitar don ƙera irin waɗannan tubala, wajen 5 ne. Idan sassa shida kowanne ya ɗauko nasa kwafin komai, mai ƙaramar waya da raunin sabis shi zai biya, da datarsa da lokacinsa. A Oktoban 2020 Webpack 5, kayan aikin harhaɗa lambobin shafi, ya fito da Module Federation, aikin da Zack Jackson ya jagoranta, wanda ke ba sassa damar raba kwafi ɗaya a lokacin da shafi ke buɗewa. Shi ma mai rumbu yana da nasa rabon: ya tsara kayansa yadda wanda ke son maɓalli kaɗai ba zai jawo kalanda da tebur ba.

Alkawari kaya ne, kuma a wannan sana'a da lamba ake rubuta shi. Tsarin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta ya ba kowace siga lamba uku, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe tana motsawa idan kuskure aka gyara. Ta tsakiya idan an ƙara abu ba tare da taɓa tsoho ba. Ta farko kuwa sanarwa ce cewa wani abu zai karye, kowa ya shirya. Wahalar ita ce sanin me ake kira karyewa. Hyrum Wright, lokacin da yake injiniya a Google, ya lura cewa idan masu amfani suka yi yawa, duk wata ɗabi'ar kayanka da za a iya gani, wani ya riga ya dogara da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. Ƙara wa maɓalli tsawon ɗigo biyu yana iya tura layin wani ya faɗo ƙasa. Saboda haka masu rumbu suna ɗaukar hoton kowane tubali a kowane yanayi, kwamfuta ta gwada sabon hoto da tsoho kafin a saki komai. Idan kuma za su cire abu, sai su fara gargaɗi tun da wuri, su bar tsoho da sabo su yi zaman tare, wani lokaci har su rubuta 'yar manhajar da za ta bi lambobin mutane ta yi musu sauyin.

Ƙofa a buɗe

Sakin rumbu a buɗe yana farawa da lasisi, yawanci MIT ko Apache 2.0, masu ba kowa damar amfani har a kasuwanci. Daga nan sai bayani, domin tubalin da ba a san yadda ake amfani da shi ba, kowa zai koma ya ƙera nasa. Da yawa suna amfani da Storybook, inda ake baje kowane tubali a gani, a taɓa, a kwafi misali.

Ribar buɗewa tana da yawa. Wani a Masar zai gano cewa kibiyar kalanda tana nuna baya a Larabci. Wata makauniya za ta kawo rahoton abin da manhajarta ta karanta ba daidai ba. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar irin waɗannan idanu aiki gaba ɗaya. Nauyin ma yana da yawa. A Maris na 2016 wani ya janye 'yar manhajarsa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga ma'ajiyar npm, dubban ayyuka suka tsaya cak a faɗin duniya. Tun daga nan mai hankali yake ƙirga abin da ya jingina da shi, yana kuma tuna cewa wasu sun jingina da shi.

Aikin da ya fi cin rai shi ne cewa a'a. Kullum akwai mai son a ƙara masa zaɓi ɗaya tak, kuma kowanne da hujjarsa. Idan aka biye wa kowa, maɓalli zai tara zaɓi hamsin, babu mai iya gwada haɗuwarsu duka. Gwani yakan tambayi mai roƙon abin da yake son cim ma, sau da yawa ya nuna masa yadda zai haɗa tubala biyu da ke akwai ya samu biyan buƙata. Yakan kuma tsare iyakar tubalinsa: ya karɓi bayani, ya nuna, ya sanar idan an taɓa shi, amma kada ya san komai game da farashi ko asusun banki. Wannan na masu gida ne. Yin haka cikin ladabi, ga baƙon da ya ba da lokacinsa kyauta, ba tare da an kore shi ba, wani ilmi ne da ba a koyarwa a aji.

Mai sha'awar koyon sana'ar ba ya buƙatar izinin kowa, tunda lambobin Lion da Shoelace na Cory LaViska da Carbon na IBM duk suna nan a buɗe, har da muhawarar da aka yi kafin kowace shawara. Ya zaɓi tubali ɗaya, misali jerin zaɓi. Ya ƙera shi, ya cire linzamin kwamfuta ya gwada da madannai. Ya kunna NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, ya rufe ido ya saurara. Ya juya shafin ya koma daga dama. Ya sa shi a shafin React, ya sa a na Vue, sa'an nan ya sa siga biyu a shafi ɗaya. Duk wanda ya bi tubali ɗaya ta waɗannan matakai har ya tsaya da ƙafarsa, ya fi wanda ya zana hamsin masu kyan gani sanin aikin, kuma shi ne rukunoni za su yarda su ɗora gininsu a kan abin da ya buga.